Wata Huɗu Babu Makaranta: Yadda Wani Gida a Gusau Ya Riƙe Karatun 'Ya'yansa

Ranar 1 ga Satumbar 2021 'yan bindiga suka faɗa makarantar sakandaren jeka-ka-dawo ta Kaya, a ƙaramar hukumar Maradun, suka tafi da ɗalibai 73. Ba a kwana ba gwamnatin Bello Matawalle ta ba da umarnin rufe makarantun firamare da sakandare na jihar Zamfara baki ɗaya, aka kuma sa dokar hana fita da dare. Kwanaki kaɗan bayan haka aka katse layukan waya. Sai ga iyaye da 'ya'yansu a gida, babu aji, babu malami, babu ko sabis ɗin da za a kira malamin a tambaye shi inda aka kwana. Ba wanda ya faɗi ranar komawa. Sai a Janairun 2022 gwamnati ta fara buɗe wasu makarantun.

Wannan bayani ne a kan gida ɗaya a Gusau, gidan ƙanwata, da yadda suka riƙe karatun yaransu a waɗancan watanni. Ni malamin firamare ne. Yaran nan ba su fi na kowa ƙwaƙwalwa ba, gidan kuma bai fi na kowa kuɗi ba. Tsarin da suka bi ne ya ja hankalina. Littafin da ta riƙa rubuta komai a ciki yana nan har yau, na karanta shi, kuma yawancin abin da zan faɗa daga cikinsa na ɗebo.

Maigidan ma'aikacin gwamnati ne. Ita kuma tana da takardar NCE amma ba ta taɓa riƙe aji ba, ɗinki take yi a cikin gida. Yaransu huɗu. Babbar mace ce mai shekara 14, za ta shiga aji 3 na ƙaramar sakandare, wato shekarar jarrabawar BECE ta kammala ƙaramar sakandare. Mai bi mata namiji ne, shekara 10, aji 5 na firamare. Ta ukun shekararta 7, aji 2. Auta shekara 3. Akwai kuma Hajiya, mahaifiyar maigidan, tana zaune tare da su.

Abin da ya sa ba su tsaya jira ba shi ne sun riga sun ɗanɗana. Lokacin korona, da aka rufe makarantu a Maris na 2020, yaran sun yi sama da wata shida a gida ana cewa yau a koma, gobe a koma. Da aka koma, namijin ya manta haddar lissafin ninki da ya iya, ta ukun kuma haruffan da ta fara ganewa sun gudu. Ba a gama gyara wannan ɓarnar ba aka sace 'yan mata 279 a Jangebe a Fabrairun 2021. Don haka da aka sake rufewa a Satumba, ƙanwata ta ce wa maigidanta a wannan karon ba za ta zuba ido ba.

Jadawalin farko bai kai labari ba

Abin da kusan kowa ke yi shi ta fara yi: ta kwafi jadawalin makaranta ta manna a bango. Ƙarfe takwas Turanci, takwas da minti arba'in lissafi, haka har azahar, da tara ta fita shan iska. Bai yi mako biyu ba ya watse. Tana tsakiyar darasi mai ruwa zai yi sallama. Mai karɓar ɗinki za ta shigo, kuma ba a barin baƙuwa tsaye. Auta zai fasa kuka, tukunya na jira a murhu. Ranar da aka yi suna a maƙwabta babu karatun da aka yi. Ga babbar matsala: makaranta na iya bin irin wannan jadawali ne don kowane aji da malaminsa. Ita kuwa mutum ɗaya ce a gaban aji uku, kuma taura biyu ma ba ta taunuwa, balle uku. Da darasin ƙarfe takwas ya kuɓuce, sai a ga kamar ranar duka ta lalace, a ce a bari sai gobe.

Hajiya ce ta kawo mafita, ba da niyyar ba da shawara ba. Tana kallon hayaniyar ta ce: “Mu a makarantar allo malam ɗaya ne, mu kuwa mun fi talatin, kuma kowa da inda yake.” Ƙanwata ta riƙe maganar nan. A makarantar allo ba a jan kowa a darasi ɗaya. Yaro ya zo gaban malam da allonsa, a biya masa, ya koma gefe yana maimaitawa, wani ya matso. Ba a duba agogo, lokutan salla ne ke raba yini.

Tsarin da ya zauna

Ta cire takardar bango ta rataya karatun a jikin abubuwan da ba sa tashi a gidan. Bayan sallar asuba maigidan ya zauna da yaran a yi tilawa, wanda dama al'adar gidan ce. Bayan an karya kumallo an yi shara, a zauna zaman safe har rana ta yi tsaka. A wannan zaman abu biyu ne kawai ba a tsallakewa ko me ya faru: karatu da lissafi. Sauran darussa in an samu sarari. Tsakanin azahar da la'asar hutu ne da aikin gida. Bayan magariba, da yake dokar hana fita ta zaunar da maigidan a gida, shi ke sauraron kowane yaro ya karanta masa abin da ya yi da safe. Amfanin wannan tsari shi ne idan baƙo ya cinye awa ɗaya ba a rasa komai ba, don ba a ce ƙarfe kaza ba, cewa aka yi kafin azahar.

A zaman safe tana kan keken ɗinkinta, yaran suna kan tabarma a rumfa. Kowa ya zo bi da bi ya samu kamar kwata na awa da ita, ta nuna masa sabon abu, ta ba shi aiki, ya koma. Kafin ta gama da na ukun na farko ya gama nasa aikin. Na sha faɗa wa abokan aikina cewa kwata na awa da yaro shi kaɗai ya fi minti arba'in a ajin da ya cika maƙil, kuma wannan gida ya ƙara tabbatar mini.

Makon ma ta juya shi. Asabar zuwa Laraba ake ɗaukar sabon darasi, kamar yadda makarantun allo ke yi. Alhamis ba a ƙara komai, bita ce da ɗan gwaji. Juma'a hutu. Da haka ta samu Asabar da Lahadi, ranakun da maigidan ba ya zuwa ofis, suka shiga cikin ranakun karatu.

Sai kayan aiki, wanda mutane ke rainawa. A makon farko rabin safiya a neman fensir take ƙarewa. Ta samo bokitan fenti guda uku masu murfi, ta wanke, ta rubuta sunan kowane yaro a jiki. Littattafansa, fensirinsa, abin gogewa, duk a ciki. Murfin ya raba littattafai da gara da ɓera da akuya da hannun auta. Ba a tashi daga zaman safe sai kowa ya mayar da kayansa ya rufe. Auta ma aka ba shi nasa kwalin da guntun alli, don in ba a ba shi aiki ba shi zai nemo wa kansa. Maigidan ya sa kafinta ya yanko falanki aka shafe shi da baƙin fenti, aka jingine a rumfa.

Ta san ba za ta iya ƙirƙiro manhaja ba, kuma ba ta gwada ba. Da yake babu waya, da ƙafa ta taka har gidajen malaman ajin yaran ta roƙi takardar rabon darussan zango mako-mako, wadda kowane malami ke da ita, an ciro ta daga manhajar NERDC, hukumar da ke tsara manhajar karatu ta ƙasa. Aka kwafo mata. Daga nan ta yi abin da nake ganin ya fi komai buƙatar ƙarfin zuciya, ta zaftare darussa. A ƙaramar sakandare darussa sun kai goma. Ga babbar ta zaɓi Turanci da lissafi da kimiyya a matsayin na dole, sauran ta ce ta riƙa karantawa da kanta, ranar Alhamis a yi mata tambayoyi. Ta sayo mata littafin tambayoyin jarrabawar shekarun baya a kasuwa. Wani zai ce an cuci sauran darussan. Ni ina ganin uwa ɗaya da ta ce za ta koyar da darasi goma ga yaro ɗaya, ga wasu biyu na jira, babu ko ɗaya da za ta koyar.

A kan ta ukun ya kamata a ɗan tsaya. Yarinyar nan shekara biyu tana makarantar kuɗi, tana rera waƙoƙin Turanci tiryan-tiryan, amma a buɗe mata shafi a ce karanta, sai ta kalli hoto ta yi hasashe. A aji ba a gane ba, don in yara arba'in suka amsa tare ba a sanin wanda ke bin baki. Zaman kwata na awa ne ya tona. Ƙanwata ta ajiye littafin Turancin gefe ta koma Hausa: ba, bi, bu, ka, ki, ku, a haɗa gaɓa biyu a samu baki, kuka, babu. Rubutun Hausa yana da sauƙi ga mai farawa, don harafi kusan kullum sautinsa ɗaya ne, kuma yarinya ta san ma'anar abin da ta karanta, ba sai an fassara mata ba. Irin wannan hanya ce shirin RANA, da UNICEF ta tallafa wa, ya bi a makarantun gwamnati na Zamfara da Katsina. Maigidan da farko bai so ba, yana ganin kuɗin da ya kashe don Turanci ne. Ta ce masa: “Abbansu, a bari ta iya karatu tukuna, da kowane harshe ne.” Kafin ƙarshen Nuwamba yarinyar tana karanta gajerun labarai da Hausa, kuma da aka koma littafin Turanci ta daina kallon hoto, tana bin haruffa da yatsa.

Abin da littafin ya tona

Littafin rubutu ne mai kwali, an raba shi gida uku. Kowane dare bayan isha'i, da fitila mai caji, ta rubuta abu uku ga kowane yaro: me aka yi, a wane shafi aka tsaya, me ya gagara. Layi uku ko huɗu ke nan. Ranar da ba a yi komai ba ma ta rubuta kwanan wata da dalili: ta'aziyya, zazzaɓin auta, ɗinkin biki. Na tambaye ta me ya sa take rubuta ranakun da babu karatu. Ta ce: “Yaya, in ban rubuta ba zan yaudari kaina in ce muna ƙoƙari.”

A ƙasashen da karatu a gida ya zama hanya sananniya, irin wannan rubutu doka ce a wasu wurare. A Amurka an halasta shi a dukkan jihohi 50, kuma a jihar New York sai iyaye sun miƙa tsarin karatun shekara, sannan su riƙa kai rahoto sau huɗu a shekara. A Jamus kuwa an hana shi. A nan Najeriya dokar ilimin bai-ɗaya (UBE) ta 2004 ta ɗora wa iyaye tabbatar da yaro ya yi shekara tara a makaranta, shida a firamare uku a ƙaramar sakandare, amma ba ta shimfiɗa hanyar yi wa mai karatu a gida rajista ko duba aikinsa ba. Don haka babu jami'in da zai zo ya tambayi ƙanwata. Ita ta zama mai duba kanta.

Wajen mako na shida ta zauna tana juya shafuka, sai ta lura ɓangaren babbar ya fi na kowa gibi. Na ƙananan cike yake, nata kuwa kwana biyu rubutu, kwana biyu “ta taya ni”. Yarinyar da ke da jarrabawa a gabanta ita ta koma mataimakiyar malama, mai goyon auta, mai hura wuta, mai wanke-wanke. Ba wanda ya yanke shawarar haka. A hankali abin ya sulale kanta, kamar yadda yake yi a yawancin gidajenmu, ita kuma ba ta taɓa buɗe baki ta yi ƙorafi ba. Ba don rubutun nan ba da an kai Janairu ana yaba mata da hankali, karatunta na zubewa.

Gyaran bai zo da sauƙi ba. Aka ware mata lokaci daga gama tilawa zuwa karin kumallo, ba mai aiken ta, ko da auta na kuka. Aka mayar da wanke-wanken safe da ɗebo ruwa kan namijin. Hajiya ta ce ba a yi haka a gidanta ba, namiji da wanke kwanuka alhali ga mace. Nan maigidan ya yi abin da ya dace. Bai yi gardama da mahaifiyarsa a gaban yara ba. Ya same ta a ɗakinta ya ce: “Hajiya, jikarki ce mai jarrabawa bana. A yi mata haƙuri zuwa ta gama.” Ta yi shiru, aka ci gaba. Na ba wannan ɓangare muhimmanci don duk wanda zai ba iyaye shawarar su koyar da yara a gida, in bai yi maganar wa zai ɗauki aikin gidan ba, to ya sani babbar 'ya mace ce za ta biya.

Matsala ta biyu maƙwabta ne. Da aka ji ana karatu a gidan, wannan ta turo nata biyu, waccan ta turo uku. Akwai safiyar da aka ƙirga yara goma sha ɗaya a rumfa, yawancinsu ba littafi ba fensir. Zaman bi da bi ya rushe. Korar ɗan maƙwabci kuwa abu ne mai nauyi, a unguwar da gobe kai ma za ka nemi aron turmi. Ta bi gidajen da kanta ta yi bayani: safiya ta 'ya'yan gida ce, amma Litinin da Laraba bayan la'asar ƙofa a buɗe take, kowa ya zo da littafi da fensir. Wata ta ji haushi ta janye nata. Sauran suka ci gaba da zuwa.

Akwai kuma inda tsarin bai iya komai ba. Lissafin aji 3 ya fi ƙarfin ƙanwata, ta kuma yarda da hakan da wuri. Aka dogara da maigidan a Asabar da Lahadi, amma ɗaurin aure da jana'iza da zaman majalisa suka riƙa cinye ranakun. A ƙarshe gida uku suka haɗa kuɗi suka ɗauko wani malamin makarantar kuɗi da rufewar ta bari babu albashi, yana zuwa sau biyu a mako. Kimiyya kuwa a takarda kawai aka yi ta. Namijin ya gaji da zaman gida cikin mata, ya fara sulalewa waje da hantsi. Sai da aka yi yarjejeniya da shi, in ya gama aikinsa kafin azahar la'asar tasa ce ta ƙwallo a ƙofar gida. Ɗinkin ƙanwata ya ragu sosai, a daidai lokacin da aka rufe kasuwannin mako-mako kuma kaya suka yi tsada. Ba ta rubuta wannan a littafin ba, amma gidan ya ji a jika.

Da sabis ya dawo Gusau an zaci sauƙi ya zo. Abin da ya fara zuwa shi ne saƙonnin WhatsApp da kiran 'yan uwa a tsakiyar darasi, har sai da ta riƙa barin wayar a ɗaki zuwa azahar. Manhajar karatu ta intanet da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF suka ƙaddamar, Nigeria Learning Passport, sai a Maris na 2022 ta zo, bayan an koma. Abu ne mai kyau. Amma a watan da aka fi buƙatar taimako a Zamfara ko kira ba ya shiga. Abin da ya yi aiki a lokacin takarda ce da alli da bokitin fenti.

Da aka koma makaranta ta ɗauki littafin ta kai wa shugaban makarantar ƙananan. Ya juya shafukan, ya kira malaman ajinsu ya nuna musu inda kowa ya tsaya. Ta ukun ta shiga cikin 'yan kaɗan da ke karanta shafi ba tare da an biya musu ba. Namijin karatunsa ya yi kyau, amma lissafin kaso bai zauna masa ba, kamar yadda aka rubuta a ɓangarensa sau da yawa. Babbar ta zauna BECE ta wuce babbar sakandare, sai dai makonni shidan farko da ta rasa da rashin gwajin kimiyya sun bi ta, har ta shiga aji 4 tana jin tsoron darussan kimiyya.

An tambayi ƙanwata me zai hana ta ci gaba da koyar da su a gida tunda ta iya. Ba ta ko yi tunani ba ta ce a'a, kuma ina bayanta. Ta hannun makaranta ake yi wa yaro rajistar BECE, da makin gwaje-gwajen cikin zango. WAEC da NECO suna da jarrabawar masu zaman kansu a ƙarshen sakandare, amma kafin yaro ya kai can akwai shekarun da uwa ɗaya ba za ta maye gurbin ɗakin gwaji da malaman fanni ba. Sannan wannan gida yana da uwa mai NCE da uba mai albashi. A layinsu akwai gidan da uwar ba ta yi boko ba, uban ɗan kasuwar ƙauye ne da rufe kasuwanni ya tsayar. 'Yarsu ta fara talla a Oktoba, da aka buɗe makarantu ba ta koma ba.

Matsalar da ke jawo rufe makarantu ba ta ƙare da 2021 ba, an sake sace ɗalibai a Kuriga a jihar Kaduna a Maris na 2024. Don haka akwai abu ɗaya mai arha da nake roƙon hukumomin ilimin bai-ɗaya na jihohi (SUBEB) da masu makarantun kuɗi su mayar al'ada: a makon farko na kowane zango a ba kowane gida takardar rabon darussa mako-mako, da Hausa ga iyayen da ba sa jin Turanci, tare da lambar shafukan littafi. Ƙanwata da ƙafa ta nemo tata a lokacin da aka katse layukan waya. Yanzu duk farkon zango ita ke fara zuwa ofishin shugaban makaranta ta karɓa ta kai a kwafa, guda ɗaya nata, guda biyu na maƙwabtan da suke turo yara Litinin da Laraba.